Gaisuwar Ɗan Sanda a Hanyar Summerfield

Karatuna na lakwal, wato boko, a aji huɗu ya tsaya, saboda haka ba na cika baki a kan ilimin takarda. Amma akwai fanni ɗaya da in da ana naɗa sarauta a kansa, da tuni ina da rawani: sanin halin mai kaki. Shekara talatin da 'yan kai na yi ina jan babbar mota tsakanin Maraɗi da Damagaram, kuma babu irin jandarman da ban gani ba, daga mai tumbi har mai fama da basir. Darasin guda ne. In ya ɗaga maka hannu, ba ka zama a kujera kamar kai ka haife shi. Ka sauko, ka taka zuwa wurinsa, ka sunkuyar da kai, ka tambayi gajiya da iyali, ka zaro takardunka tun bai tambaya ba. Wanda ya zauna yana jira a zo masa, shi ke yini a shinge. Da wannan ilimi na sauka Greensboro ta Amurka, gidan 'yata, bayan rasuwar uwarta.

Ɗa ɗaya Allah ya ba 'yar tawa. A lokacin shekararsa ashirin, yana karatu a jami'ar da ke gabashin gari. A nan aka haife shi, in ka yi masa Hausa da Turanci yake amsawa. Gashinsa a murɗe kamar igiyar guga, rigarsa mai hula ko da ana zafin da ƙadangare ke neman inuwa. Yana da wata na'ura a ɗaki da yake haɗa waƙoƙin rap, bango na rawa, kofin shayina na tafiya shi kaɗai a kan tebur. Na naɗa shi sarkin kiɗa. Na taɓa tambayarsa wa ya ɓata wa mawaƙan nan rai, don ban ji ko ɗaya yana magana kamar wanda ya ƙoshi ba. Ya ce ai kirari ne, irin na 'yan damben da nake ba shi labari. Na ce ɗan dambe in ya gama kirari yakan shiga fili a gani. Ya ce, "Filin yana waje, Kaka. Kai ne ba ka fita."

Rigimarmu ta gaskiya a bakin wani babban kanti ta tashi, a titin Wendover. Muna cikin mota muna jiran uwarsa, sai ga samari uku, baƙaƙen Amurka, sun nufo inda muke, wando a ƙasan ƙugu, suna dariyarsu. Yatsana ya je ya danna makullin ƙofa. Ban aike shi ba. Ƙofofi huɗu suka yi ƙas a tare, kuma samarin sun ji. Ɗayansu ya dube ni ta gilashi, ya dubi jikana, ya girgiza kai, suka wuce. Ashe ajinsu ɗaya da jikana.

A hanyar gida ya sanar da uwarsa cewa ubanta mai wariyar launin fata ne. Ni, da in na tsaya kusa da tukunyar tuwo sai a rasa wadda za a ɗora a murhu. Na yi masa bayani a tsanake, irin na manya: ba fata ba ce, tarbiyya ce. Mu mun zo da gaisuwa da kunya, su kuwa ga abin da ake nunawa a talabijin, in ana yawan tare su, su duba shigarsu da kiɗansu. Na ce kai ma in ka aske igiyar nan ka sa hular mutane, babu mai tare ka.

Ya ce, "Kana tsammani daga nesa ana hango Maraɗi a goshinka?"

Uwarsa ta ce a bar maganar. Amma na lura duk ranar da ya ɗauki mota takan tsaya a taga har ya ɓace, kuma abinci ba ya shigar mata sosai sai ya dawo. Na ɗauka ciwon mai ɗa ɗaya ne.

Ana saura mako guda babbar Salla wani ɗan garinmu ya yi mana kwatancen gonar wani Bature a Summerfield, mai sayar da raguna. Kwatance irin namu, babu lamba: ka wuce coci, ka ga jan rumbu, ka karya hagu. 'Yata tana aiki ranar Asabar ɗin, sai ta haɗa ni da sarkin kiɗa. A bakin ƙofa ta riƙe hannun rigata.

"Baba, shi ke nan gare ni. In wani abu ya taso a hanya, don Allah ku bar shi ya yi magana."

Na tambaye ta tun yaushe ƙwai ya fara koya wa kaza kwanci.

Da hantsi muka shiga unguwar. Sanyin na'urar mota yana shiga mini ƙashi, sai na sa ya kashe ya sauke gilasai, kiɗan da ke ciki ya zama na kowa. Gidaje nesa da juna, ciyawa a aske, fararen shingayen katako, dawakai masu ƙiba da ba su taɓa ganin aiki ba. Mun ƙirga coci uku. Jan rumbu kuwa kamar tare aka saro su. Na sa ya rage gudu, na sa ya tsaya a ƙofar wani gida na leƙa, babu ko kashin tunkiya. Muka juya, muka sake wucewa. Wani mutum a kan injin yankan ciyawa ya kashe injin yana bin mu da ido. Na ɗaga masa hannu, bai ɗaga ba. Wucewa ta uku, waya na kunnensa.

Jikana ya kashe kiɗan. "Kaka, mu koma gida."

Na ce ba a taɓa jin na fita neman rago na koma da igiya kawai ba, mu ƙara zagaye ɗaya.

A zagayen nan motar 'yan sanda ta shigo bayanmu. Babu jiniya. Ta dai bi mu, mu karya ta karya, har na fara jin ƙarar numfashin yaron. Sai fitilu suka kama. Ya gangara gefe, ya kashe mota, ya ɗora makulli a gaban gilashi, ya baje yatsunsa goma a kan sitiyari. Sannan ya yi magana da Hausa, tas, babu gargada, abin da ban taɓa ji daga bakinsa ba.

"Kaka, kada ka motsa. Kada ka buɗe ƙofa."

Na dube shi zaune daram da wannan kan nasa. Na ce a raina in mutumin nan ya fara cin karo da wannan gashi mun kaɗe, gara ya fara ganin furfura da hula da kaftani. Na buɗe ƙofa na sauko.

Ɗan sandan saurayi ne, bai girmi jikana da yawa ba, wuyansa ja. Ya daka tsawa. Tsawar mai kaki ba baƙuwata ba ce, tana cikin gaisuwa. Na sunkuyar da kai, na ƙara taku biyu, na sa hannun dama a aljihu inda katin zamana yake. Sai tsawar ta canza. Ta siranta, ta hau sama, tana rawa. Duk shekarun da na yi a hanya ban taɓa jin muryar mai kaki yana tsorona ba, sai da na ɗan jima kafin na gane abin da nake ji. Na ɗaga ido. Bindiga na hannunsa biyu.

Daga cikin mota jikana ya ce, "Tsaya, Kaka!" Bakin bindigar ya bar ni, ya juya wajen muryar. Na ga inda ya tsaya, daidai ƙeyar yaron, ta gilashin baya.

Hannuna na cikin aljihu, riƙe da kati. In na zaro, mutumin bai san me zai fito ba. In na bari, bai san me na riƙe ba. Na tsaya nan kamar turke. Jikana bai waiwayo ba, bai ɗaga yatsa ɗaya daga sitiyari ba. Ya dinga magana da harshe biyu, Turanci mai laushi ga ɗan sandan, Hausa gare ni.

"Bar hannun inda yake. Ɗaga na hagu sama. Yanzu durƙusa, a hankali, kamar za ka yi sujada. Saki abin da ka riƙe. Buɗe yatsunka tun a ciki. To, fito da shi."

Na bi kamar ɗan aji ɗaya. Kwalta na ƙona mini gwiwa.

Wata motar ta zo. Suka fito da jikana, suka sa masa ankwa, suka zaunar da shi a ciyawa, ni suka lalube ni suka bar ni a durƙushe. A but ɗin motarmu suka sami igiyar da na tanadar wa rago da babbar ledar da na shimfiɗa don kada ya ɓata mota. Ɗayansu ya ɗaga igiyar ya dubi ɗan'uwansa. Mai injin ciyawa ya tako har bakin shingensa ya jingina.

Nan na ga dai sai babba ya sa baki. Na ce wa jikana, "Gaya musu mu baƙi ne daga Afirka. Gaya musu mu ba irin waɗannan ba ne."

Ɗan sandan ya tambaye shi me tsohon ke cewa. Ya amsa a gajarce. Turancina na asibiti ne, amma sunan gwiwa na san shi, don ita ke kai ni wurin likita. Ce musu ya yi gwiwata na ciwo. Suka ba ni izini na zauna.

An kusa awa guda kafin su cire masa ankwar. Suka ce kira aka yi, an ga mota tana zagaya gidaje. Saurayin ɗan sandan, wanda muryarsa ta dawo daidai, ya ce a gaya wa dattijo nan gaba ya zauna a mota. Har da yi mana fatan yini lafiya.

Jikana ya tuƙa har muka fito daga unguwar dawakai, ya shiga wani gidan mai, ya tsaya can gefe. Ya kashe mota. Sai ya matse hannayensa biyu tsakanin cinyoyinsa. Ga shatin ankwa a wuyan hannu.

Na ce, "Sarkin kiɗa, ashe Hausar na nan, ɓoye ta kake yi don kada a aike ka." Bai yi dariya ba. Sai na tambaye shi me ya hana shi faɗa musu abin da na ce.

"Da sun yarda fa?" in ji shi. "Sai su sake mu, su jira motar wasu baƙaƙen da ke tafe bayanmu."



Can ya ce, "Kada ka faɗa wa Mama. In ta ji, ba za ta ƙara barci ba."

Muka shirya cewa ɓata muka yi, ba mu ga gonar ba, wanda kuma gaskiya ne. Ya jawo hannun rigarsa ya rufe shatin. Da ta dawo daga aiki ta yi mana dariya, ta ce tsohon direba da ɗan jami'a sun kasa gano rago. Na taya ta dariyar. Har yau ba ta san inda bakin bindigar nan ya tsaya ba, ni kaɗai na gani, don shi kansa yaron baya ya ba ta. Ranar Litinin da safe ya sha shayi a tsaye, ya ɗauki makulli daga kan tebur, ya fita.