Ranar da Aka Auna Lungunmu da Makara

Gidanmu ne na ƙarshe a lungun, hanyar fita kuma ɗaya ce tak. Shekarar da maigidana ya kwanta jinya ne ɗan maƙwabcinmu marigayi ya dawo Birnin Gwari daga Kaduna, ya ce zai gina wa 'ya'yansa kwamin iyo a tsakar gida, irin na otal. Ni dai ban ga laifinsa ba. Tunda daji ya lalace, wa zai bar yaro ya je rafi? Sai dai filin bai ishe shi ba, ya turo katangarsa cikin lungu taku biyu cur.

Da na leƙa sai na ga bulo ya kai gwiwa. Ba wucewar babur nake tunani ba. Mutumin da ke kwance a ɗakina ko kunu ba ya iya haɗiyewa, na kuwa san ta inda za a fitar da shi.

Na yafa mayafi, na sami mai ginin tsaye kan magina.

"Ɗan nan, ka matse mu fa."

"Inna, takarda gare ni daga ofishin filaye. Har nan iyakata take."

"Takardar ta san da mutum huɗu ɗauke da gawa?"

"Haba Inna, wa ya mutu?"

Na wuce gidan mai unguwa.

Bayan la'asar mai unguwa ya sa aka ɗauko makarar masallaci. A unguwarmu da ita ake auna lungu tun kaka da kakanni, ba da igiya ba. Maza huɗu suka saɓa ta ba kowa a ciki, suka taso daga ƙofarmu. Ina laɓe a zaure, ina roƙon Allah kada maigidan ya ji motsi ya tambaye ni.

Daidai kwanar da katangar ta matse, inda bulo ya riga ya kai kafaɗa, suka tsaya cak. Suka ja baya, suka sake gwadawa, kafaɗar ɗaya ta gurji bulo.

"In aka karkata ta za ta wuce," in ji wani magini.

Mai unguwa ya dube shi. "Kai a karkace kake so a fitar da kai?"

Ba wanda ya yi dariya. Mai ginin ya daɗe yana kallon makarar, sannan ya matso bakin zaurenmu ya rage murya.

"Inna, jikin Baba ya yi tsanani ne?"

"Sai addu'a, ɗan nan."

Ya juya ya ce wa magina su sauke bulon tun siminti bai kama ba.

Ba a cika sati biyu ba aka fitar da maigidana. Mai ginin nan yana cikin mutum huɗun da suka ɗauke shi, suka wuce kwanar a miƙe.