Ranar da Na Kasa Cewa Sha'aibu Talaka Ne

Shekara shida ke nan da rasuwar Sha'aibu, taubashina, ɗan kawuna. Ya tafi ana cikin dashen albasa, yanzu ma dashen ake yi, don haka ba sai an tuna mini ba. Mutane kan tambaye ni ko har yau ina jin zafin rashinsa. Gaskiya ba zafi nake ji ba. Abin ya fi kama da ƙafar da mutum ya daɗe zaune a kanta, ka san tana nan, amma ko ka mintsine ta ba ka jin komai.

Sha'aibu manomi ne a ƙauyenmu, tsakanin Malbaza da Tsarnawa. Abin da ya mallaka duk duniya garka ce guda a fadama, gadon ubansa, mai rijiya biyu. Da ita yake ciyar da matarsa Rabi da 'ya'ya huɗu. Wata rana wani ɗan kasuwa ya zo da takarda mai hatimi, ya ce baffan Sha'aibu ya sayar masa da garkar kafin ya rasu. Mai gari ya yi iya yinsa, abin ya gagara, magana ta kai gidan shari'a. Ɗan kasuwa ya zo da lauya, Sha'aibu ya zo da bakinsa. Aka bar garkar a hannun mai takarda har ranar da za a yanke hukunci.

Ni na faɗa masa cewa akwai buro, wato ofishin da gwamnati ke ba talaka lauya kyauta. Malamin lakwal ne ni, wato makarantar boko, kuma a ƙauye malamin lakwal shi ne ya san komai, har abin da bai sani ba. Sharaɗin shi ne a tabbatar mutum ba shi da hali, a zo da mai shaida. Wa zai kai in ba ni ba? Tun muna yara ba ni da sunan da nake kiransa da shi sai matsiyaci, shi kuma ya ce mini mai cin alli. Ko a gaban surukai haka muke yi, wasan taubasai ne, ba mai hana mu.

Ranar da za mu tafi ya ari babbar rigata ta salla, wai ba a shiga gaban hukuma da tsumma. Ni ma ban ga aibin haka ba, har hula na ƙara masa. Sakataren buron, wani dattijo mai tabarau, ya saurare mu da kyau, sannan ya juyo gare ni, ya kira ni Mushe, yadda ake kiran malamin lakwal.

"Mushe, kai ka san shi. Wanga mutum shina da hali ko ba shi da shi?"

Sha'aibu na zaune gefena, gwiwarsa na taɓa tawa. Kalmar da na yi shekara arba'in ina jifansa da ita a kasuwa da bakin masallaci ta ƙi fitowa. A wasa na saba faɗarta, ban taɓa faɗarta da gaske ba, balle a gaban baƙo.

Na ce, "Alhamdu lillahi, shina da rufin asiri daidai gwargwado."

Dattijon ya dubi rigar, ya dube ni, ya rubuta abin da ya ji. Ban ga laifinsa ba, aikinsa ya yi. Da muka fito Sha'aibu ya riƙe hannuna ya ce, "Ka ruhwa min asiri, Allah shi ruhwa naka." Muka sayi tsire muka ci a tasha, muna ganin mun gama aiki.

Wata huɗu muka jira kafin amsa ta zo, cewa bai cika sharaɗi ba. Muka koma aka faro daga farko. Wannan karon na faɗi komai: hatsinsa ba ya kai shi bazara, matarsa surfe take yi a gidajen mutane, rigar da aka gani rannan tawa ce. Ina magana yana kallon ƙasa. Daga ranar bai ƙara ce mini mai cin alli ba, ni ma ban ƙara kiransa da wancan suna ba. Muka koma gaisuwa irin ta mutanen kirki, ina kwana, ina gajiya.

An karɓi takardarsa, aka sa sunansa a layi. Sai dai lauyoyin ba su da yawa, kuma can nesa suke zaune, masu jira kuwa sun cika benci. Duk ranar da aka kira shari'ar sai a ɗaga, tunda lauyansa bai samu ba. A dawo bayan salla. A dawo bayan damina. Kowane wata yakan shirya ya tafi ya tambayi labarin takardunsa, ya dawo ya ce da Rabi, "Sun ce dosiyena na bisa hanya." Dashe biyu ya wuce yana kallon garkarsa daga kan turba. A na uku zazzaɓi ya kwantar da shi kwana tara. Da muka dawo daga maƙabarta na zauna ina jiran kuka ya zo, bai zo ba.

Nakan lissafa watannin nan huɗu. Wataƙila da na buɗe baki tun ranar farko da layi ya iso kansa yana da rai, wataƙila kuma da ba abin da ya canza. Na juya zancen har ya daina yi mini ciwo, ban samu amsa ba.

Da zai leƙo yau, ban san me zai ce ba. Zai ga fadama ta cika da famfo mai aiki da hasken rana, an jingine guga da wasaki. Zai ji cewa yanzu ba sai ka yi ta zarya ba, in layi ya zo za a kira ka a salula, wato jiran ya dawo cikin gida. Shari'ar kuwa tana nan. Da ya rasu sai da aka nemo takardun gado, aka sake neman wa Rabi tata shaidar rashin hali, sunanta ya shiga layi daga baya. Ina jin da dariya zai yi, ya ce ashe ilimin mai cin alli iyakarsa allo.

Abin da ya rage nasa ba shi da yawa. 'Ya'yansa sun ɗauko tafiyarsa da tsayinsa. Garkar kuma har yau garkar Sha'aibu ake ce mata, har ma'aikatan ɗan kasuwar haka suke kiranta in suna kwatance.

Shekaranjiya na bi ta turbar fadama na hangi mata sun sunkuya suna dashe a cikinta, Rabi na cikinsu. Na tsaya muka gaisa, na tambaye ta ko ba wata garkar da za ta yi ƙodago sai wannan.

Ta goge hannu a zane ta ce, "Nan sunka hi nemana, Mushe. Ni na san inda ruwa ka kwanciya."

Ta koma ta sunkuya, ni kuma na wuce.