Gonar Aro da Ban Ƙona Ba

Na yi shekaru ina kwandastan mota a Nyanya kafin hayaƙi ya kama mini ƙirji in koma noma. A wani ƙauye bayan Abaji wani dattijon Gbagyi ya ba ni aron gona, muna ce masa Baba. Sharaɗinsa ɗaya ne, kada gonar ta yi kama da daji. A yankin nan fili in ya yi duhu, sai ka wayi gari 'yan birni sun zo da mota sun kafa siminti a kusurwoyi, wai ba mai shi. Shi ya sa kowa ke banka wa gonarsa wuta da rani. Baƙin toka ne shaidar cewa akwai mai ita.

Wata malamar gona daga ma'aikata ta tara mu a makarantar firamare. Ta ce wuta tana cinye ƙarfin ƙasa, kuma duk wanda ya daina ƙonawa za a ba shi irin masara mai saurin nuna, a riƙa aiko masa saƙon lokacin ruwa ta waya. Ni na fara ɗaga hannu. Allah ya yafe mini, irin nake so. Na karɓa, kuma motarta ba ta kai Gwagwalada ba na ƙyasta ashana. Da damina ta faɗi da ƙarfi, ruwa ya sami ƙasar tsirara ya kwashe ta, ina tsaye ina kallon jan ruwa yana gangarawa rafi da masarata a ciki.

Rani na gaba ban sa wuta ba, na bar karan masara a kwance, na bar 'yan itatuwan da suka toho. Maƙwabta suka sa mini suna oga mai otal ɗin gafiya. Ba a jima ba Baba ya zo da sandarsa.

"Ɗan tasha, wannan gona ne ko daji? Ka sa wuta ko ka ba ni abina."

"Baba, malama ta ce wuta tana kashe ƙasa."

"Malama yana da gona? In sun zo da siminti, shi zai tsaya?"

Ina da saurin fushi irin na tasha. Na ce masa ai ba shi ruwa ya yi wa ɓarna ba. Ya kalle ni ya juya, ya ce kafin kasuwa mai zuwa in kwashe fartanyata. Ban da wannan gonar ba ni da abin ciyar da iyali.

Washegari na shiga mota zuwa ofishin malamar a cikin gari, in roƙe ta ta zo ta yi masa magana. Ta ce, "Malam, gaskiya tsoronsa ba na banza ba ne, kuma ba mu da abin da za mu ba shi a kai." Na dawo ina tunani a mota. Abin da Baba yake so shi ne a ga alamar hannu a filin, ko da wuta ko babu.

Na fara da zuwa gidansa, na durƙusa na ba shi haƙuri kan maganar da na faɗa. Daga nan na ɗauki adda da fartanya na share gefen gonar fes, faɗin da mota za ta bi, zagaye gaba ɗaya. Na jera karan layi-layi a gicciye da gangare, na dasa rogo a bakin hanya. Tafin hannuna ya fashe, matata tana ɗaure mini shi da tsumma.

Ranar kasuwa Baba ya zo ya zagaya gonar har ya kai ƙarshe.

"Daga titi ana gani akwai mutum," in ji shi. "Amma ƙazanta ne."

"Ƙazanta ce, Baba. A bar mini ita."

Ya karɓe ɓangaren da ke kallon titi, ya ƙone shi da hannunsa, har da rogon. Sauran ya bar mini, shekara-shekara, in ya ga dama. A nan nake noma har yau, kuma duk rani sai na sake share gefen kafin mafarauta su fara sa wa daji wuta, kada ta shigo mini gona.