Numfashin da Orval Tackett Ya Jira

Sana'ata dako. Shekara talatin da huɗu ina ɗaukar kayan makaɗa a birnin Nashville na Amurka, in kai su sutudiyo, in haɗa, in an gama in kwance in mayar gida. Ban iya kiɗa ba, ban kuma taɓa cewa na iya ba. Amma bayana ya san nauyin kayan kowa a garin nan, kuma babu akwatin da ya ci bayana kamar na Orval Tackett.

Sitil yake kaɗawa, gitar nan da ake kwantarwa a kan ƙafafu huɗu kamar keken ɗinki. Makaɗi yana zaune, yana jan ɗan guntun ƙarfe a kan tsirkiyoyi da hannun hagu, ƙafafunsa suna taka wasu matakan ƙarfe a ƙasa. Duk tsohuwar waƙar karkara, in ka ji wani abu yana kuka a bayan mawaƙi, ita ce. Ta Orval baƙa ce. Mariƙin akwatinta ya karye tun tuni, ya ɗaure shi da igiyar shanya, igiyar nan kuwa ta yanka tafina sau ba adadi.

Mutumin gabashin Kentucky ne. Ubansa ya yi haƙar kwal har huhunsa ya cika da ƙura. Shi ma Orval ya shiga rami shekara biyu, sannan ya fito ya ce ya isa. A cocin ƙauyensu ya koyi kiɗa, a bayan wata tsohuwa mai suna Dovie da ke ja musu waƙa. Tana da ciwon fuka, saboda haka takan tsaya ta ja numfashi duk inda ya kama ta, ko tsakiyar baiti ne. Aikin Orval shi ne ya cike wurin har ta dawo. Da wannan ya zo birni, bai kuma taɓa sakewa ba. Ba ya kallon takarda. Kafaɗar mawaƙi yake kallo. Da ta ɗaga, sai ya shiga. Da murya ta dawo, sai ya janye.

Na taɓa tambayarsa dalili, muna cikin mota.

Ya ce, "Hoyt, in mutum yana ba ka labarin matarsa ta tafi, kana magana a bakinsa?"

"A'a."

"To, amshi nake yi. Tuƙa motarka."

A zamaninsa sau uku nake ɗaukarsa a rana: ƙarfe goma, ƙarfe biyu, ƙarfe shida. Mutum bakwai a ɗaki ɗaya, mai goge, mai ganga, mai fiyano, mawaƙi a tsaye a tsakiya, kowa yana ganin kowa. In ɗaya ya yi kuskure, duka a sake. Ba a cika rubuta sunan Orval a bayan faifai ba, bai kuma damu ba. Ya sayi ƙaramin gida a unguwar Madison, matarsa Nelda tana girki a makarantar unguwa, suna cin wake da burodin masara, ranar Lahadi kaza.

Babu wanda ya kore shi. Waya ce kawai ta yi shiru. Daga uku a rana ya koma uku a mako, daga nan uku a shekara. Rediyo ta cika da samari masu waƙar mota da giya da 'yan mata, a kan gangar inji. Na san tsofaffin makaɗa da yawa da suka zauna a mashaya suna cewa kiɗa ya mutu. Surutu ne, na gaji da jin sa. Orval bai yi wannan ba. Ya kama aikin yankan makulli a wani shagon kayan gini, kullum da safe bayan kofi ya zauna gaban sitil ɗinsa awa ɗaya, duk wata ya sake tsirkiyoyi, kamar gobe za a kira shi. Yatsunsa sun fara kumbura, gaɓoɓin sun karkace. Yakan jiƙa su a ruwan ɗumi ya ci gaba.

Shekara biyu cur ba kira. Yana da saba'in da uku, cikin watan Maris, sai wani furodusa mai suna Tanner Whitlow ya buga masa waya. Zaman ɗaukar waƙa ƙarfe goma, ranar Talata, waƙar wani mawaƙi da ke tashe. Orval ya kira ni da kansa.

"Jakin birni, bayanka yana nan ko ya tsufa?"

"Ya tsufa. Kai ka tsofar da shi."

"To ka zo da shi ƙarfe takwas."

Na same shi cikin farar riga mai maɓallan azurfa, an goge ta har tana tsayawa da kanta. Nelda ta ba ni biskit da romo a tsaye. Ta raka ni bakin mota, ta rage murya.

"Hoyt, kwana uku ba ya zama wuri ɗaya. Ya ce in wannan ta yi kyau, sauran za su tuna da shi."

Na ce mata za ta yi kyau. Abin da ake faɗa ke nan.

Da muka isa, na haɗa masa sitil a babban ɗaki. Ɗakin da zai ci mutum goma, amma kujera ɗaya ce a ciki. Tanner ya fito ya gaishe shi da hannu biyu. Bai wuce talatin da biyar ba, mai ladabi ne, ba zan yi masa ƙarya ba.

"Baba Orval, na tashi da kiɗanka. A motar kakana ba a jin komai sai faya-fayen da ka yi."

"Allah ya ji ƙan kakanka, yana da kunne. Ina sauran?"

"Sauran sun gama, Baba. Mai ganga daga gidansa ya turo nasa. Kai kaɗai ka rage."

"Mawaƙin fa?"

"Yana Texas, yana da wasa. Amma muryarsa tana nan, za ka ji ta a kunne."

Orval ya kalli tsakiyar ɗakin, inda mawaƙi ya saba tsayawa. Ya sa lasifikar kunne, ya ɗora ƙarfensa a kan tsirkiya. Tanner ya koma ɗakin injuna bayan gilashi, ni ma na bi shi na tsaya ta bango. Ya saki waƙar.

Waƙa ce irin ta yanzu. Kalmomi a jere ba tsayawa, kamar mai gwanjo. Na zuba wa Orval ido. Ƙafarsa tana kan mataki, kansa a sunkuye, hannunsa a shirye. Baiti na farko ya wuce. Na biyu ya wuce. Minti uku waƙar ta ƙare, bai taɓa ko tsirkiya ɗaya ba.

Tanner ya ce, "Hoyt, duba min wayarsa, ina jin ta tsinke."

Na shiga na duba. Ni na haɗa ta, na san lafiyarta lau.

Tanner ya danna abin magana. "Baba, kana jin waƙar kuwa?"

"Ina ji."

"To me ya faru?"

"Jira nake ya ja numfashi."

Tanner ya yi dariya, a zatonsa barkwancin tsofaffi ne. Da ya ga Orval bai yi ba, sai ya daina.

"Ai mun cire, Baba."

"Kun cire me?"

"Numfashin. Kwamfuta ke sharewa, sai mu matse baitocin su haɗu. In an bar sarari, mutane sai su sauya tasha."

"Yaron nan minti uku bai numfasa ba?"

"A faifai dai, e."

"To ni ta ina zan shiga?"

"Ko'ina, Baba. Bisa muryar. Ka yi ta yi kawai, ni zan zaɓa."

Orval ya gyaɗa kai. Aka sake. Wannan karon ya kaɗa, ya hau kan muryar kamar yadda aka ce masa. Shekara talatin ina jin mutumin nan, ban taɓa jin ya yi kiɗa mara kyau ba sai ranar. Kamar mutum biyu suna cacar baki a bakin titi. Yakan shiga, sai jikinsa ya janye shi da kansa, ya tilasta wa hannunsa ya koma. Kafin a kai rabi ya ɗaga ƙarfen, ya ajiye a cinya. Wuyan farar rigar ya jiƙe.

Tanner ya shafa gemu. Da gaske yake so ya fitar da tsohon daga kunya.

"Baba, mu yi haka. Zan kashe waƙar gaba ɗaya. Ka ba ni kuka ɗaya kawai, daga ƙasa zuwa sama. Irin wanda nake ji a motar kakana."

Ya kashe waƙar. Orval ya rufe ido. Ban san wa ya gani a tsaye a tsakiyar ɗakin ba, amma na ga ya jira, kansa ya ɗan ɗaga kamar yana bin kafaɗar wani, sannan ya ja ƙarfen. Bai fi daƙiƙa huɗu ba. Sai da tsikar jikina ta tashi.

Tanner ya ce, "Shi ke nan, na samu. Na gode, Baba."

"Sauran waƙar fa?"

"Zan jera wannan duk inda ake buƙata."

Na duba agogo. Goma da minti ashirin da biyar. Haɗa kayan ya fi kiɗan ɗaukar lokaci.

A hanya ko jakin birni bai ce min ba. Da muka isa gida na shigar da akwatin falo, na durƙusa zan buɗe in ɗaura ƙafafun kamar kullum.

Ya ce, "Bar ta a ciki."

Nelda tana bakin kicin da tsumma a hannu. Ta kalle ni, na kalli ƙasa.

Waƙar ta fito da bazara, ta kuma karɓu. Ranar da ya fara jin ta ina kai shi wurin likitan hannu. Na miƙa hannu zan kashe rediyon, ya riƙe min wuyan hannu. Kukan ya zo a farko. Ya sake zuwa bayan baiti na ɗaya, can ƙarƙashin ganga. Orval yana lanƙwasa karkatattun yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

Da ta ƙare ya ce, "Sau takwas."

"Amma ai duk ƙasar nan ana jin ka yanzu."

"Hoyt, tun ina bayan Dovie ban taɓa yin kuka iri ɗaya sau biyu ba. Wancan ba ni ba ne."

Babu wanda ya tuna da shi. Waya ba ta sake bugawa ba. Daga baya na ji kukan nan a wasu waƙoƙi biyu, ko shi ne ko mai kama da shi, ban sani ba, ban kuma gaya masa ba.

Da kaka Nelda ta kira ni, ta ce in zo in ɗauki akwatin. Wata sabuwar mashaya a tsakiyar gari tana neman tsofaffin kayan kiɗa na ado, Orval kuma ya ce a ba su sitil ɗin. Bai fito daga ɗaki ba lokacin da na ɗauka. Ni na kai ta. Ni na riƙe ta a jikin bango, a saman ƙofar bayi, kafinta yana huda ta da inji yana ɗaura kusoshi. Sai da suka cire matakan ƙasa don ta kwanta daidai. Ƴan yawon buɗe ido suna ɗaukar hoto a ƙarƙashinta. Igiyar shanyar tana cikin motata har yau, ban san me ya sa ban jefar ba.

Ni ma aikina ya ragu. Kwamfuta ba ta buƙatar ɗan dako. In na sami sarari tsakanin kaya da kaya nakan biya Madison. Orval ya bar yankan makulli, hannun ba ya riƙe komai sosai. Guntun ƙarfen nan kaɗai ya hana a tafi da shi, yana aljihun rigarsa. Rediyon gidan a kashe take.

Makon jiya na same shi a kujerar falo, Nelda tana wanke-wanke a kicin tana rera wata tsohuwar waƙar coci ƙasa-ƙasa. Ita ma ta tsufa, numfashinta ba ya kai ta ƙarshen baiti. Duk inda ta tsaya, sai in ga hannun hagunsa ya zame a kan gwiwarsa, daga ƙasa zuwa sama, ta dawo ya tsaya. Ba na jin ya san yana yi. Babu sautin komai sai na kwanuka.

Na shanye kofina na tashi. Ina da kayan wani da zan ɗauka ƙarfe biyu.