Rigar Magani

A Gure babu mai akuya da bai san aikin leda ba. Tamu jar akuyar ramewa ta yi ta yi, ciki kuwa kamar tulu, sai da mahauci ya farke tumbin ya zaro ƙullin baƙar leda. Innata ta tsaya ta kalla har ya gama. Abin da akuyar ta bari 'ya ɗaya ce, kuma daga ranar ko a bakin titi Inna ta hangi leda sai ta tsince ta.

'Yar ta girma, ta yi cikin fari, sai tari ya kama ta, ta daina cin harawa. Lokacin na zo hutu daga Damagaram, ni na je wurin likitan dabbobi. Ya ba ni kafso, irin maganin nan mai riga, rabi ja rabi rawaya. Ya ce a ba ta ɗungurungum, kada a buɗe, don rigar ce ke ɓoye ɗacin har ya wuce maƙogwaro.

Ni kuwa Allah ya yi ni da son ganin ƙwaƙwaf. Tun a hanya na ɓare ɗaya a tafin hannu. Na zaci gari zan gani, sai ga 'yan ƙwayoyi farare, ba su kai ƙwayar gero ba, kowace da santsinta kamar ita ma an sa mata riga. Wane mai haƙuri ne ya zauna yana yi wa waɗannan sutura? Har yau ina son in ga hannun da ke wannan aiki.

Inna ta karɓi kafson ta latsa da farce.

"Wannan ai leda ce."

"Inna, narkewa take yi a ciki."

"Ke kin shiga cikin kin gani?"

Gaskiya ban gani ba. Muka ɓare wani muka jiƙa a ruwa, akuyar ta furzar mana da shi a zane. Na ce to mu jefa rigar a ruwan ɗumi mu ga abin da za ta yi. Inna ta ce kwano ba ciki ba ne.

Kafin in ankara ta ɗauki ɓawon da na ɓare a hanya ta jefa a baki. Ta zauna a gindin turke, baki rufe, ido a kan akuyar. Can ta motsa harshe, ta buɗe baki ta nuna mini. Babu komai sai ɗan ja a kan harshen.

"Riƙe mini ƙahonta," in ji ta.

Da maganin ya wuce na ce, "Inna, da ledar ce fa?"

Tana shafa cikin akuyar ta ce, "To ai ni ba ni da kowa a ciki."