Fatsa da Hannu Ɗaya

A layin masu katako babu mai kiransa Kafinta, duk da cewa kafinta ne ɗan kafinta. Mai Gora ake ce masa, saboda gorar da yake jerawa a ƙarƙashin rufin shagonsa, ta daɗe tana shan iska kafin ya taɓa ta. Gadaje da kujeru su ne abincinsa. Gorar kuwa ta sandunan fatsa ce, kuma ba ta sayarwa ba ce. Sai ya ga mutum ya iya zama bakin ruwa ya kama bakinsa, sannan ya auna tsawon hannunsa ya yi masa sanda.

Ba da wannan ya tashi ba. Ya haura arba'in lokacin da aka kira shi kafa ƙofofi a wani tsohon sito, ya tarar da mai gadin wurin zaune bakin kududdufin da masu bulo suka haƙa suka bari. Mai gadin ya miƙa masa sandar fatsarsa, ya ce ya riƙe masa zai zagaya ya dawo. Bai dawo ba sai da wani abu ya fizgi zaren daga ƙarƙashin ruwa, fizgar ta bi gorar ta shiga hannun kafinta har kafaɗa. Ranar nan da ƙyar aka kafa ƙofa ɗaya.

Bayan mai gadin ya rasu, shi ya gaji kududdufin ba tare da kowa ya ba shi ba. Ya nemi izinin mai filin, ya kwashe tayoyi da ledoji da fasassun kwalabe, ya yanka wa ruwan hanyar fita don kada damina ta tafi da kifin, ya dasa itatuwa a gefen da rana ta fi duka. Ya sayo 'ya'yan tarwaɗa da ƙarfasa ya zuba. Abokin zamansa wani tsohon direban bas ne mai yawan surutu, wanda ya sha jira kafin a yi masa sanda. Duk kifin da suka kama, sai su cire ƙugiyar a hankali su mayar da shi.

Matarsa ba ta taɓa gane wannan ba.

"Malam, mutum ya fita da gwangwanin tana, ya dawo da ƙarnin kifi a riga, kifin kuma yana can yana yi mana dariya," in ji ta.

"Tsohuwa, ai gaisawa muke yi da su."

"To ka gaya musu su riƙa wanke maka riga."

Ciwon ya same shi wata safiya yana cikin goge wata ƙofa. Hannun hagu ya sauka daga kan katakon da kansa, ya buɗe baki zai kira maƙwabci, maganar ta fito a karkace. Shanyewar ɓarin jiki, in ji asibiti. Bakin ya daidaitu daga baya, ƙafar ta dawo rabi, yana jan ta. Hannun kuwa ya tafi ke nan, yana rataye a gefensa, yatsun a dunƙule.

'Yarsa ta fari ma'aikaciyar jinya ce. Tun tana ƙarama yake ce mata Likita, don ita ke ɗaure masa yatsa duk lokacin da zarto ya taɓa shi. Ita ta kwana da shi a asibiti, ita ta koya masa sake riƙe cokali, kuma ita ta kafa doka ranar da aka sallame shi. Babu gishiri, babu shago, babu kududdufi. Ta sa wa shagon sabon kwaɗo ta jefa makullin a jakarta, ta kwashe sandunansa ta kai gidanta, ta jawo masa kujera gaban talabijin.

"Baba, in ka zame ka faɗa ruwan nan, wa zai ciro ka?"

"Ruwan da iyakarsa ƙirjina?"

"Na ga waɗanda ruwan baho ya kusa tafiya da su. Ni nake ganinsu, ba kai ba."

Ya san ba ƙarya take yi ba. Ya zauna. Watanni ya yi a kujerar nan yana kallon mutane suna gardama a talabijin, yana shan magani a kan lokaci, yana ƙiba. Ya daina tsokanar matarsa. Wannan ne ma ya fi tayar mata da hankali, don in ta jefa masa magana sai ya ce to.

Sai wata rana direban ya zo dubiya. Ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe surutunsa ya ci amanarsa. Kainuwa ta rufe kududdufin gaba ɗaya, in ji shi, har mutum zai ɗauka fili ne. Kifi sun fara tasowa ciki sama. Kuma da mutane suka ga babu mai hanawa, sun koma zubar da shara.

"Kai kuma kana ina?" Mai Gora ya tambaye shi.

"Ka san ciwon bayana."

"Bayanka. Ni rabin jikina ne babu."

Washegari ya sa hularsa ya fita, yana jan ƙafa, yana hutawa jikin katangu har layin masu katako. Ya ari sukundireba wurin maƙwabci. Shi ya kafa ƙofar shagon da hannunsa, ya san inda ƙarfinta ya ƙare. Ya kwance ƙarfen da kwaɗon ke maƙale a jiki, ya shiga, ya zaɓi gora mafi kyau. Da yamma da Likita ta biyo duba shi, ya miƙa mata kwaɗonta a kulle yadda ta bar shi.

"Ga amanarki. Ban buɗe ba."

Bai ɓoye aikin ba. A tsakiyar falo ya yi shi, kan tabarma, ƙurar gora tana sauka kan kujeru. Ya danne gorar da gwiwa ya kankare gaɓoɓinta, ya gasa inda ta lanƙwashe a kan garwashi ya miƙar da ita. Matsalar ta zo wajen ɗaure ƙananan zobban da zaren fatsa ke bi ta ciki. Aikin hannu biyu ne, ɗaya na juya sanda, ɗaya na riƙe da siririn zaren ɗauri. Ya gwada da haƙori, ya gwada da haɓa, zaren yana hawa kan juna kamar ɗinkin ɗan koyo. Sau da yawa ya warware, sau ɗaya ma ya yi jifa da sandar.

A lokacin ne idonsa ya faɗa kan tsohon keken ɗinkin matarsa, mai takawa da ƙafa.

"Kada ka soma," ta ce.

Ya soma. Ya cire kan keken ya ajiye gefe, ya ɗora sandar kan 'yan katakai biyu masu baki, ya zarga mata igiyar keken. Yana takawa da lafiyayyar ƙafarsa a hankali, sanda na juyawa, hannun dama na jagorar zare, ɗaurin yana kwanciya layi bayan layi. Matar ta tsaya a kansa tana mita, wai keken uwarta ne. Tana cikin mitar ta ga ƙarshen zaren na neman suɓucewa, ta sa yatsa ta danne.

"Ba taimakonka nake yi ba. Zarena nake tausayi."

Sandar da ya gama ba ta yi kama da sauran ba. Gindinta dogo ne, yana shiga wani kube na fata da ya ɗinke a jikin ɗamara, ga maɗauri da ke ratayo ta daga kafaɗa. In ya jefa ƙugiya sai ya cusa gindin a kuben, sanda ta tsaya da kanta, hannunsa ya koma kan kwarkwaron naɗe zare. A jikin kujerarsa ta bakin ruwa ya yi wata 'yar tsaga da ke cije ƙugiya yayin da yake soka mata tana.

Amma kafin fatsa sai an samu ruwa. Ya ɗauki manjagara mai dogon ƙota, ya tasa direban gaba. Yana jawo kainuwa bakin gaɓa, direban na lodawa a baro yana kukan baya. A rana ta farko ƙafar da ba ta jin magana ta zame cikin laka. Ya tafi ta gefen hagu, gefen da babu hannun tarewa, fuskarsa ta shiga ruwa. Da direban bai cafko wuyan rigarsa ba, da labarin ya ƙare a nan. Ya daɗe zaune yana tari. Ya ji tsoro ƙwarai, irin wanda bai ji ba ko a gadon asibiti.

Likita ta iso gida kafin ya canja kaya. Ba ta ɗaga murya ba, kuka ta yi.

"Baba, me na yi maka? So kake a kira ni a ce in zo in ga gawarka da laka a baki?"

"Ba ki yi min komai ba sai alheri, uwata. Kin ceto ni, na sani. Amma kujerar nan da kika ba ni, ni ba zan mutu a kanta ba. In kin ga dama ki sake kulle shagon, ki ɗauke wannan sandar ma. Akwai sauran gora."

Ta ɗauki jakarta ta fita. Ta yi makonni ba ta ce masa ko sannu ba, sai dai ta aiko da magani.

Shi kuwa ya koma. Darasi ɗaya ya ɗauka daga faɗuwar: ya samo igiya mai kauri, ya ɗaura a ƙugunsa, ya ɗaure ɗaya bakin a jikin itacen da ya dasa. Masu wucewa suna tsayawa su kalli tsoho a ɗaure kamar akuya yana jan ciyawar ruwa da hannu ɗaya. Waɗanda suka zo da shara kuwa sun ji abin da bakinsa ya iya, don bakin ya warke sarai. Kafin damina ta tsaya ruwan ya buɗe, ragowar kifin suka farfaɗo.

Wata yamma Likita ta zo da kanta, da fararen kayan aikinta, ta tsaya nesa da laka ta harɗe hannuwa. Ta yi sa'a ko rashin sa'a, a lokacin ne babbar tarwaɗa ta kama. Gora ta lanƙwashe, ɗamarar ta ja shi gaba, igiyar ƙugunsa ta miƙe. Likita ta yi taku biyu.

"Tsaya inda kike," ya ce, bai waiwayo ba.

Ta tsaya. Ya yi ta naɗewa yana saki, gumi na zuba, har kan kifin ya bayyana dab da gaɓa, baƙi, da dogayen gashin baki. Sai kifin ya yi wata girgiza, zare ya tsinke, ruwa ya rufe.

"Shi ke nan, ka gani. Tashi mu tafi, lokacin maganinka ya yi."

"Buɗe gwangwanin can ki miƙo min wata ƙugiya."

"Baba."

"Maganin yana aljihuna. Miƙo."

Ta miƙa masa, tana tsaki. Ya cije zaren da haƙori, ya zarga, ya ja ƙullin ya tsuke.

Har yau ba ta yarda ba, kuma ba ta mayar masa da tsofaffin sandunansa ba. Duk wanda ya tambaye ta, cewa take ubanta taurin kai ne zai kashe shi. Shi kuma yana fita kullum da hantsi, da igiyarsa a kafaɗa, direban na biye da shi da baro.