Minti Biyun Baba Kwalba

Shekara ashirin da bakwai Baba Kwalba ya yi yana ɗibar ruwan famfo a gidajen mutane yana kai wa ɗakin gwaji na ma'aikatar ruwa. Can ya samo sunan. Akwatin ƙanƙara a bayan babur, kwalabe sha biyu a ciki, kowace da takarda a wuya. Mutum ne mai ƙa'ida har ta yi masa yawa. In ya shiga gida sai ya goge bakin famfo da auduga, ya buɗe shi ya yi ta zuba minti biyu cur yana duban agogo, sannan ya tara kwalba. Haka aka koya masa, kuma ko ruwan sama ake yi a kansa ba ya rage daƙiƙa ɗaya.

Famfon gidansa ma bai tsira ba. Duk wata, in ya dawo da rana, sai ya ɗiba, sakamako ya fito tas. Shi ya sa ranar da ya ga matarsa ta ɗora tukunyar ruwan sha a wuta ya haɗe rai.

"Haba Hajiya, ruwan da na sa wa hannu za ki tafasa? Ai sai maƙwabta su ce ban san aikina ba."

Ta sauke tukunyar. Ba ta sake ɗorawa ba.

Sai aka kawo musu jikarsu 'yar shekara biyu, uwarta ta koma karatu. Amarya yake kiranta, ita kuma ta ja masa gemu. Cikin wata biyu gudawa ta kama yarinyar sau uku, idanunta suka faɗa, wuyan rigarta ya yi mata yawa. Da likita ya tambayi wane ruwa take sha, Baba Kwalba ya ji haushi ƙwarai, har ya zaro takardar gwaji daga aljihu ya ajiye masa a tebur.

A karo na huɗu bai iya fita aiki ba. Ruwan unguwarsu kwana biyu ake ɗaukewa, a kawo da hantsi, lokacin shi ya riga ya yi nisa. Ran nan ne ya fara ganin abin da ake yi a bayansa. Hajiya ta bar famfo a buɗe, ta tura bokitinsu mai murfi ƙarƙashinsa.

"Wannan ba na sha ba ne?" ya tambaye ta.

"Shi ne mana, Malam. Na sha ake fara tarawa, ka san ruwan nan ba shi da tabbas. In ya daɗe a tari na wanki."

Ya durƙusa ya ɗora tafin hannunsa a bakin famfon da ba ruwa. Sai ya ji yana tsotsar fatarsa a hankali. Ya san bututu in ya zama fanko zuƙa yake yi, duk abin da ya samu a hanya sai ya haɗiye. Ya fita waje ya bi bututun da ido har inda ya nutse cikin kwata. A can ƙasan baƙin ruwan akwai mahaɗa da aka naɗe da tsohuwar roba.

Kafin ya dawo famfo ya fara tari. Ruwan farko ya feso cikin bokiti, garau a ido, ba wari. Shi ne ruwan da shekara ashirin da bakwai yake zubarwa a ƙasa kafin ya tara kwalba. Yau bai goge ba, bai dubi agogo ba. Ya ɗauko kwalba mai magani a ciki, irin wadda ke komawa baƙa in ruwa ya haɗu da bayan gida, ya cika ta da ruwan farkon.

Da yamma suka kai Amarya asibiti, aka ɗaura mata ƙarin ruwa. Ba ta ja gemun ba. Washegari ya koma gida ɗauko mata kaya, ya tarar da kwalbar a kan taga, baƙa ƙirin kamar tawada. Ya zauna a bakin gado, tsoro da kunya suka rufe shi. Gida arba'in ke shan bututun nan, kuma ba wanda bai shiga da akwatinsa ba.

Ya fita ya yi sallama a ƙofar farko. Matar tela maƙwabcinsu ta leƙo, goye da jariri, bayanta bokiti na jira a ƙarƙashin buɗaɗɗen famfo.

"Ki zubar da ruwan farko, sauran ma ki tafasa," in ji shi.

Ta yi dariya. "Kai Baba, tsokana da rana tsaka? Mu da muka daina tafasawa tun ranar da ka ce mana lafiyarsa ƙalau."